Zubar da "Wai": Nazarin Harshen Takardar da Aka Kafa Hujjar Yaƙin Iraki da Ita

Ran 24 ga Satumba, 2002, Gwamnatin Ingila ta buga wata takarda mai shafi wajen 50 a kan makaman ƙare dangi da ta ce ƙasar Iraki ta mallaka. Kwamitin da ke tace rahotannin 'yan leƙen asirin ƙasar shi ya rubuta ta, a ƙarƙashin shugabansa John Scarlett, Firayim Minista Tony Blair kuma ya yi mata gabatarwa da sunansa. Bayan wata shida, ran 20 ga Maris, 2003, sojan Amurka da na Ingila suka shiga Iraki. Da aka ci ƙasar sai aka aika da ƙwararru su bincike ta, a cikin 2004 kuwa shugabansu, Charles Duelfer, ya ba da rahoto cewa ba su sami tarin makaman nan ba, kuma bisa ga alamu an lalatar da su tun 1991.

Tun daga sa'an nan gardama ɗaya a ke ta yi: shin shugabannin nan ƙarya suka shirga, ko kuwa 'yan leƙen asiri ne suka kawo musu labarin banza su kuma suka gaskata? Maƙasudin wannan nazari shi ne ya nuna tambayar ta yi ƙunci. Tsakanin ƙarya da kuskure akwai wani fili mai faɗi, Bahaushe kuwa ya san shi sarai, gama harshensa ya tanadi wata 'yar kalma mai tsaron bakin filin, watau "wai". Wanda ya bi takardar nan daga zubinta na farko zuwa wanda aka buga zai tarar ba a cika ƙirƙiro wani labari ba. Abin da aka yi shi ne an yi ta zubar da "wai" a hanya, har jita-jita ta iso gaban majalisa da tufafin shaida.

Ya kamata a fara da nahawu. In mutum ya ce, "Wai an yi ruwa a Zariya," ya ba da labari kuma ya tsame hannunsa daga cikinsa. In ya ce, "An yi ruwa a Zariya," ya ɗauki nauyin maganar. In ya ƙara da "lalle" ko "ba shakka," to, ya jingina mutuncinsa. Labarin bai sake ba a jimlolin nan uku, abin da ya sake shi ne matsayin mai magana. Wasu harsuna sun fi tsanantawa: a Turkanci, alal misali, fi'ili da kansa yana ɗauke da alamar da ke rarrabe abin da mutum ya gani da abin da ya ji ko ya hango daga alamu. Ingilishi ba shi da irin wannan tilas. Yana nuna shakka da ƙananan kalmomi masu ma'anar "watakila," "mai yiwuwa ne," "alamu sun nuna," waɗanda mai gyaran rubutu zai iya sharewa da alƙalami jimla ta zauna daidai, ba wanda zai ga gurbi.

Akwai kuma rarrabewa tsakanin fi'ilai iri biyu, wadda masana ilmin harsuna suka daɗe da lura da ita. Ana iya cewa, "Audu ya ce an yi ruwa, amma ba a yi ba," kunne bai ƙi ba. Amma in aka ce, "Audu ya gano an yi ruwa, amma ba a yi ba," magana ta ci kanta, domin "gano" da "sani" suna ɗauke da gaskatawar mai magana a cikinsu, "ce" da "zata" kuwa ba su ɗauke da ita. Mai karatu ya riƙe wannan, za a bukace shi gaba.

Kafin a kama laifin kowa, adalci ne a faɗi abin da ya sa aka yi zaton Saddam Husaini na da makaman. Ya yi amfani da iskar guba a kan sojan Iran, ya kuma zuba ta a kan Kurdawan garin Halabja a 1988. Ya ɓoye wa masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya aikinsa na makaman ƙwayoyin cuta har 1995. A Disamba, 1998, masu binciken suka bar ƙasar, daga nan idon duniya ya rufe shekara huɗu, aka koma dogara ga 'yan tsirarun masu tsegumi da 'yan gudun hijira. Shi kansa Saddam bai so maƙwabtansa, balle Iran, su tabbatar hannunsa wofi ya ke ba. Saboda haka kuskuren 'yan leƙen asiri kuskure ne na gaske, ba kuwa na Ingila kaɗai ba. Sai dai su sun san iyakar saninsu, sun kuma rubuta ta. A Maris, 2002, kwamitin nan nasu ya shaida wa ministoci a asirce cewa bayanan da ke hannu jefi-jefi ne, kuma da giɓi a cikinsu. Ran da aka buga takardar, Firayim Minista ya tsaya gaban majalisa ya siffanta bayanan nan da cewa masu yawa ne, filla-filla, kuma abin dogara. Rahotanni ba su ƙaru a wata shida ɗin nan yadda za su cika wannan tazara ba.

Albarkacin binciken da alƙali Lord Hutton ya yi a 2003, an fito da zubin takardar na farko da wasiƙun da aka yi ta musaya a kai, abin da ba safai mai nazari ya kan samu ba. Gyara uku sun isa misali. Na farko a kan suna ne: da take yana maganar shirin Iraki na ƙera makaman ƙare dangi, sai aka cire kalmar "shiri," ya zama makaman Iraki kawai. Shiri niyya ce da ƙoƙari, makami kuwa abu ne da ke ajiye a rumbu. Na biyu, a wani wuri zubin farko ya ce mai yiwuwa sojan Iraki su iya harba makaman cikin minti 45. Alastair Campbell, mai kula da watsa labarai na ofishin Firayim Minista, ya rubuto cewa "mai yiwuwa" ɗin nan ya fi abin da ke cikin taƙaitawar takardar rauni. Hanyar daidaita su biyu ce, ko a sassauta taƙaitawa ko a ƙarfafa jiki. Aka ƙarfafa jiki. Na uku ya fi su nauyi. Zubin farko ya ce Saddam a shirye ya ke ya yi amfani da makaman in ya ga mulkinsa na cikin haɗari. Jonathan Powell, shugaban ma'aikatan ofishin, ya lura cewa wannan sharaɗi zai ƙarfafa masu cewa kai masa hari shi zai jawo abin da a ke tsoro, ya nemi a sake rubutun. Aka sare sharaɗin. Jimlar da da ta ke siffanta mutumin da zai kare kansa in an matsa masa, ta koma siffanta mai neman faɗa.

Abin lura a nan shi ne duk gyare-gyaren gefe ɗaya suka nufa. Mai gyara don tsabtar harshe ya kan ƙarfafa nan ya sassauta can. In ma'auni kullum ɓangaren mai awo ya ke rinjaya, ba sai an kama shi da hannu a kan faranti ba kafin a san akwai magana.

Zancen minti 45 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi shiga kunnen jama'a, an kuma maimaita shi sau huɗu a takardar. Asalinsa rahoto ɗaya ne, daga majiya ɗaya, ita ma ba ganau ba ce, ta jiyo ne daga wani hafsan sojan Iraki. A gaban alƙali irin wannan sunanta shaidar ji. Har wa yau, makaman da rahoton ke nufi ƙanana ne na fagen fama, irin harsashin igwa, kamar yadda Scarlett da kansa ya shaida wa Hutton. Takardar ba ta faɗi haka ba. Ta ce "makamai" kurum, sa'an nan a cikinta akwai bayanin rokoki masu cin zangon kilomita 650, da taswira mai nuna za su iya kaiwa tsibirin Kuburus inda Ingila ke da sansanin soja. Ba inda aka rubuta cewa rokokin nan ne za a harba cikin minti 45. An dai ajiye maganganun biyu kusa da juna, aka bar mai karatu ya ɗaura su. Jaridun Landan kuwa suka ɗaura, suka buga da manyan baƙaƙe cewa tsakanin Ingilishi da halaka minti 45 ne. Ministan tsaro Geoff Hoon ya amsa daga baya cewa ya san ƙananan makamai a ke nufi, bai kuwa nemi a gyara labarin jaridun ba. Blair ya ce a Fabrairu, 2004, shi bai san haka ba sa'ad da majalisa ta jefa ƙuri'ar yaƙi ran 18 ga Maris, 2003, inda 412 suka yarda 149 suka ƙi. Ko wanne daga cikin amsoshin nan biyu aka ɗauka, ba mai daɗin ji.

Masanin falsafar harshe Paul Grice ya bayyana a laccocinsa na 1967 cewa ma'anar magana ta wuce abin da kalmomi suka faɗa, ta haɗa da abin da mai magana ya san mai ji zai fahimta. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a kasuwa. Dillalin da ya ce doki bai taɓa yin tuntuɓe da rana ba, alhali ya san makaho ne da dare, bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya, amma ba wanda zai kira shi mai gaskiya.

Gabatarwar Firayim Minista ita ce ƙololuwar wannan salo, ginin jimlarta kuwa abin nazari ne. Ya buɗe da cewa abin da shi ya gaskata ke nan, ya rufe da cewa bayanan asiri sun tabbatar ba tare da wata shakka ba Saddam ya ci gaba da ƙera makamai masu guba da na ƙwayoyin cuta. Watau jimla ɗaya mai ƙofa biyu. Mai karatu a 2002 ta ƙofar "ba shakka" ya shiga. Mai rubutu, da aka zo tuhuma, ta ƙofar "na gaskata" ya fita, gama wa zai iya shiga zuciyar mutum ya ƙaryata imaninsa? Mai yiwuwa ne ƙwarai ya gaskata ɗin. Amma jama'a ba su tambayi abin da ke zuciyarsa ba, sun tambayi abin da ke cikin rahotannin da su ba su da ikon gani.

Sai zancen yuraniyom, wanda ya jawo sunan Jamhuriyar Nijar cikin al'amarin da ba ta san hawa ba balle sauka. Takardar Satumba ta ce akwai bayanin cewa Iraki ta nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka, ba ta ambaci ƙasa ba. Abin da ke tabbatacce kaɗan ne: a Fabrairu, 1999, jakadan Iraki a fadar Paparoma, Wissam al-Zahawie, ya ziyarci Yamai. Bayan haka wasu takardu suka ɓulla a birnin Rum masu nuna wai an ƙulla cinikin tan 500. Tun a Fabrairu, 2002, hukumar leƙen asirin Amurka ta aiki tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya gana da tsofaffin manyan gwamnati, ya komo ya ce abin da wuya, domin a lokacin ma'adinan Arlit da Akuta suna hannun kamfanonin da Faransa ke jagoranta, tan 500 kuwa ba ya ɓacewa a lissafi ba a sani ba. A Oktoba na shekarar hukumar ta sa aka cire zancen daga jawabin da Shugaba George Bush ya yi a Cincinnati. Duk da haka, ran 28 ga Janairu, 2003, ya dawo cikin jawabin shekara na Shugaban ga majalisun Amurka, a jimla guda mai kalmomi 16 a Ingilishi, wadda ma'anarta ita ce Gwamnatin Ingila ta gano cewa kwanan nan Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka.

Jimlar nan gwanin magini ne ya gina ta. An jingina labarin ga Ingila, don in ya rushe a ce ai ruwaito shi aka yi. Amma fi'ilin da aka zaɓa daga jinsin "gano" ya ke, ba daga jinsin "ce" ba, saboda haka mai magana ya sa hannu a kan gaskiyar abin. Mai fassara zuwa Hausa zai ga tarkon nan da nan, domin dole ya zaɓa. In ya ce "wai Ingila ta gano," ya sa shakkar da Shugaban bai sa ba. In ya bar "wai," ya ɗora wa Shugaban tabbacin da hukumarsa ta riga ta ƙi bayarwa wata uku da suka wuce. Sauran kalmomin ma kowace da aikinta. "Nema" ba "saye" ba ne, amma a jawabin da ke shirya mutane ga yaƙi kunne ba ya tsayawa rarrabewa. "Kwanan nan" ta haɗiye shekara huɗu. "Afirka" kuwa ta yi faɗin da ba mai iya bin sawu.

Ran 7 ga Maris, 2003, Muhammad el-Baradei, shugaban hukumar kula da nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun Rum na jabu ne. Jabun ma ba na gwani ba: wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba, 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Kowane akawu a Yamai da ya gani da ya yi dariya. Kwana 13 bayan wannan aka fara yaƙi. Sai a Yuli, bayan Wilson ya buga labarin tafiyarsa a jarida, George Tenet, shugaban hukumar leƙen asirin, ya amsa cewa bai kamata kalmomin nan su shiga jawabin ba.

Amurka ma ta yi irin gyaran Landan. Kwamitin Majalisar Dattawanta ya lura a 2004 cewa sa'ad da aka fitar wa jama'a taƙaitaccen rahoton asiri na Oktoba, 2002, an share kalmomin da ke nuna hasashe ne na masu nazari, jimlolin suka zama kamar abin da aka gani da ido. Haka kuma motocin ƙera ƙwayoyin cuta da Colin Powell ya nuna zanensu a Majalisar Ɗinkin Duniya ran 5 ga Fabrairu, 2003, tushensu wani ɗan gudun hijira ne a Jamus, wanda ya amsa a 2011 cewa ƙirƙira ya yi.

Ingila ta kafa bincike har uku a kan al'amarin, ana kuwa iya karanta su a matsayin sharhi uku a kan matani ɗaya. Lord Hutton, wanda aka naɗa bayan mutuwar masanin makamai David Kelly, ya karanta takardar karatun lauya. Tambayarsa ita ce ko an sa wani abu a ciki da sanin ƙarya ne. Da bai sami haka ba sai ya wanke gwamnati a Janairu, 2004, ya ɗora laifi a kan BBC wadda wakilinta ya ce an yi wa takardar kwalliya, har shugabanninta biyu suka sauka. Iyakar abin da ya yarda da shi shi ne mai yiwuwa sha'awar Firayim Minista ta rinjayi masu rubutun ba da saninsu ba. Wannan karatu ya auna kowace jimla ita kaɗai, bai auna abin da jimlolin suka haifar a kan mai karatu ba, ga shi kuwa shi ne ya tono wasiƙun da ke nuna an yi gyaran da mai karatu a zuci.

Lord Butler, a Yuli, 2004, ya fi shi kunnen harshe. Ya ce an bar gargaɗin da ke nuna ƙarancin bayanan a baya, an kuma aza wa bayanan kayan da suka fi ƙarfinsu. Wannan shi ne zubar da "wai" da harshen ma'aikatan gwamnati. Amma da ya zo kan mai laifi sai ya koma ga "an yi," irin jimlar da ba ta da mai aikatawa, ya ce bai ga alamar an karkatar da gaskiya da gangan ba. Game da yuraniyom kuwa ya ce maganar Ingila tana da tushe, domin ba a kan takardun jabu ta dogara ba, akwai wasu rahotanni a kan ziyarar 1999. Wajibi ne a ambaci wannan don adalci. Wajibi ne kuma a ajiye shi kusa da rahoton Duelfer na shekarar nan, wanda ya ce bai sami shaidar Iraki ta nemi yuraniyom daga waje ba bayan 1991.

Sir John Chilcot ya ɗauki shekara bakwai, ya fitar da juzu'i 12 ran 6 ga Yuli, 2016. Hukuncinsa shi ne an gabatar da barazanar Iraki da tabbacin da ba shi da hujja, bayanan asiri ba su kai matsayin "ba shakka" da gabatarwa ta ba su ba, kuma an tafi yaƙi ba a ƙure hanyoyin sulhu ba. Shi ne ya fito da wasiƙar da Blair ya aika wa Bush ran 28 ga Yuli, 2002, wata biyu kafin takardar, inda ya yi masa alkawarin yana tare da shi ko ta yaya. Shi ne kuma ya bayyana cewa wata majiya da aka yi murna da ita a Satumba, 2002, ta siffanta guba a cikin ƙwallayen gilashi, har wani ma'aikaci ya lura siffar ta yi kama da abin da aka nuna a wani fim na Amurka na 1996. Ko Chilcot bai yi amfani da kalmar ƙarya ba, aikin da aka ba shi bai kai nan ba. Sojan Ingila 179 suka mutu a Iraki, mutanen ƙasar kuwa da suka hallaka sun wuce dubu ɗari.

Zancen minti 45 an janye shi a hukumance ran 12 ga Oktoba, 2004, sa'ad da ministan harkokin waje Jack Straw ya shaida wa majalisa cewa hukumar leƙen asiri ta daina dogara ga majiyar. A lokacin yaƙin ya yi wata 18 da 'yan kwanaki.